Idon manomi: Yadda ƙaiƙayin gero ke zama hakiya a yankin Daddara da Jibiya

Daddara gari ne a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a kan titin da ya tashi daga birnin Katsina ya nufi iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, ya zarce zuwa Maraɗi. Matafiya sun fi sanin wannan hanya da shingayen jami'an tsaro da motocin kaya, amma galibin mutanen da ke zaune a gefenta da ƙasa suke ci. Da damina suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa. Da rani wasu na komawa noman ban-ruwa da kamun kifi a Madatsar Ruwa ta Jibiya, wadda aka gina a kan Kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Wasu kuma daji suke shiga neman itace da gawayi.

A duk sana'o'in nan uku ido a buɗe yake wuni, yana fuskantar rana da ƙura da ƙaya da feshin magani, ba tare da wata kariya ba. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 tare da hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da makanta ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 13 a duniya na fama da raunin gani da ya samo asali daga aikinsu, kuma ana samun raunin ido kimanin miliyan 3.5 a wuraren aiki duk shekara. Ma'aikacin masana'anta aƙalla yana da dokar da ta ce a ba shi tabarau na kariya. Manomin da ke aiki a gonarsa shi ne ma'aikaci, shi ne kuma mai gida, babu wanda zai tambaya.

Abin da alƙaluman ƙasa suka nuna

Bincike mafi girma da aka yi kan makanta a Najeriya shi ne wanda aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a faɗin ƙasar. An gano kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kashi 16.7, sai tabon da ke rufe baƙin ido. Kashi 84 cikin 100 na makantar irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar da ita. Shiyyar Arewa maso Yamma, inda Katsina take, ita ce ta fi kowace shiyya yawan makafi, kuma matsalar ta fi tsanani a karkara da tsakanin waɗanda ba su yi karatun boko ba.

Sai dai ma'aunin binciken yana kiran mutum makaho ne idan idonsa mai dama-dama ma ba ya gani. Wanda ya rasa ido ɗaya ba ya shiga wannan lissafi, alhali raunin gona ido ɗaya yake ci. Ke nan yawancin ɓarnar da aikin gona ke yi ba ta bayyana a cikin waccan kashi 4.2. A kasuwar ƙauye ake ganinta, a fuskar dattijon da idonsa ɗaya ya yi fari fat.

Rauni na kaka

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi, wanda kaurinsa bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba. Ta cikinsa haske ke shiga. Ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa yake garau, shi ya sa kuma yake da rauni wajen kare kansa idan ƙwayar cuta ta samu ƙofa.

Ƙofar kuwa ba ta da wuyar samuwa. Lokacin girbin gero a watannin Satumba da Oktoba, da na dawa da ke biyo baya, manomi yana kutsawa tsakanin kara, kaifin ganye yana shafar fuskarsa. Wajen ɗaurin dami tsinke kan tsalle. Mata masu sussuka da sheƙa suna tsaye cikin ƙaiƙayi, iska na mayar musu da shi. Mai saran itace yana fama da ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ɓarɓashin da gatari ke watsowa. Ɗan ƙarcen da waɗannan ke yi wa tantanin sau da yawa ba ya ganuwa. Mutum zai ji kamar yashi ya shiga idonsa, hawaye na zuba, hasken rana na damunsa, ya murza ya ci gaba da aiki, domin gero ba ya jiran kowa.

Ƙarce mai tsabta yakan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Matsalar ita ce tsiro ba ya zuwa da tsabta. A jikin kara da ganye akwai ƙwayoyin bakteriya da kuma fumfuna, musamman nau'o'in da masana ke kira Fusarium da Aspergillus. (Na biyun dangin fumfunar nan ce da ke ɓata gyaɗa da masara a rumbu.) Idan suka zauna a cikin ƙarcen sai ya zama gyambo: wani farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin ido, zogi ya ƙaru, gani ya dushe, wani lokaci mugunya ta taru a ƙasan baƙin idon. Gyambon bakteriya na iya huda ido cikin 'yan kwanaki. Na fumfuna yana tafiya a hankali, kuma ya fi wuyar magani. Wani ƙiyasi da mujallar likitanci ta Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ta buga a 2021 ya nuna ido sama da miliyan ɗaya ne ke kamuwa da gyambon fumfuna duk shekara, mafi yawa a Asiya da Afirka. Ko gyambon ya warke, yakan bar farin tabo, wanda Bahaushe ke kira hakiya. Idan tabon ya zauna a tsakiya, gani ya tafi ko da sauran sassan idon lafiya lau suke.

Hausawa kan ce ciwon ido sai haƙuri. Ga jan ido irin na afolo, wanda ke zuwa ya tafi da kansa, maganar na da ƙamshin gaskiya. Ga idon da tsinke ya taɓa kuwa, haƙurin nan shi ne asarar. Wani bincike da aka yi a Baktafur ta ƙasar Nefal, aka buga a 2001, ya bi diddigin mutum 442 da suka samu ƙarce a ido, aka ba su man shafawa na kuloramfenikol sau uku a rana har kwana uku. Cikin mutum 284 da suka fara magani kafin awa 18 da samun rauni, babu ko ɗaya da ya yi gyambo. Cikin 109 da suka fara tsakanin awa 18 da 24, huɗu sun yi. Cikin 49 da suka kai kwana ɗaya zuwa biyu, 14 sun yi. Magani ɗaya ne, mai araha, kuma ma'aikatan lafiya na ƙauye ne suka bayar da shi. Bambancin kawai lokacin zuwa ne.

Abin da ake zubawa a ido

Tsakanin rauni da zuwa asibiti akwai kwanakin da ido ke shan gwaje-gwaje. Akan ɗiga nonon mai shayarwa, ruwan sukari, ruwan albasa ko na wani ganye da aka daka, garin saiwa, wani lokaci har da fitsari. Masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi, kuma sau da yawa babu wani abu a kusa. Amma ruwan ganye sabuwar fumfuna yake kai wa raunin, sukari abinci ne ga ƙwayoyin cuta, fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana iya narkar da tantanin ido cikin kwana biyu. Kwalli ma, duk da matsayinsa a al'ada, ba na idon da ke da rauni ba ne, kuma wanda ake haƙowa daga dutse yakan ƙunshi dalma.

Abin da ya fi waɗannan yaudara shi ne maganin ɗigawa na kyamis mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su deksametazon da betametazon. Yana kwantar da ja da zogi nan take, mai ciwo ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ya kashe garkuwar idon ne, fumfuna na ci gaba da ci a ɓoye. Yawan amfani da shi kuma na jawo hawan jinin ido da yana. A garuruwan iyaka, inda magunguna ke yawo a kan tebur da bayan babur, wasu da rubutun Faransanci wasu da na Ingilishi, mai saye ba ya sanin abin da ke cikin kwalbar, wani lokaci mai sayarwar ma haka. Maganin da ya dace da gyambon fumfuna, wato natamaisin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna tun 2017, amma sai a manyan cibiyoyin ido ake sa ran samunsa.

Guba: ta kwalba, ta tsiro da ta maciji

Maganin feshi ya zama ruwan dare a gonakin Arewa, na kashe ciyawa da na ƙwari. Haɗarin ya fi yawa a lokacin haɗawa, sa'ad da ake tsiyaya tsantsar maganin cikin tankin goyo, da kuma lokacin da mai feshi ya fuskanci iska. Farakwat, maganin ciyawar da aka daɗe ana amfani da shi, yana ƙona fatar ido, kuma ɓarnarsa kan ƙara bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu. Takin zamani da toka da farar ƙasa su ma suna ƙuna.

Daji na da nasa. Farin ruwan tumfafiya, wadda ke tsiro a kowace saura, idan ya fantsama a ido yana kumbura tantanin, gani ya yi hazo na kwanaki, sau da yawa ba tare da wani zafi mai yawa ba. Ruwan tinya ya fi shi muni. Sai kuma kumurci, macijin nan mai tofa dafi, wanda ke auna fuskar mutum daga nisan mita biyu ko fiye, kuma yana son rumbu da tarin kara saboda ɓeraye. Likitan nan David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya buga bayani a 1976 kan mutanen da dafin wannan maciji ya shiga idonsu a Najeriya, ciki har da waɗanda suka makance.

Duk waɗannan taimakon farkonsu ɗaya ne: a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 zuwa 20, nan take, a gonar, kafin a nemi abin hawa. Ruwan buta ko na leda ya wadatar. Idan maganin feshi ne, a tafi asibiti da kwalbar. Amma idan wani abu ne ya huda idon, kamar ƙaya ko ƙugiyar masunci, ba a wankewa, ba a cirewa, ba a dannawa. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kai, a ɗaure, a kama hanya.

Rana da ruwa

Jibiya na kusan daraja 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, yankin da hasken rana ke da ƙarfi duk shekara. Wani ɓangare na hasken, wanda ido ba ya gani, yana taruwa a jiki shekara da shekaru. Shi ne, tare da ƙurar hunturu da bushewar iska, ke haddasa naman nan da ke tsirowa daga gefen hanci yana rarrafawa zuwa baƙin ido. Yana kuma gaggauta zuwan yanar ido.

Masunta ne suka fi shan wannan, domin hasken na zuwa musu daga sama, ruwa kuma na mayar musu da wani daga ƙasa. Ɗaya daga cikin fitattun binciken da suka tabbatar da alaƙar hasken rana da yana a kan masunta aka yi shi: mutum 838 a gaɓar Cesafik ta Amurka, aka buga a 1988. An ga cewa waɗanda suka fi shan hasken sun fi kamuwa da wani nau'in yana, kuma hula mai faɗin baki na rage hasken da ke isa ido sosai. A nan malfa, wadda matasa ke yi wa kallon kayan tsofaffi, ta fi hular sanyi da hana-salla amfani nesa ba kusa ba.

Akwai cutar da ake dangantawa da masunta kai tsaye, wato makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa. Wannan ƙuda a ruwa mai gudu da ƙarfi yake hayayyafa, don haka cutar ta fi addabar yankunan manyan koguna na tsakiyar Najeriya fiye da busasshiyar iyakar Katsina. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta kawar da ita, ƙasa ta farko a Afirka da ta yi hakan. Amosanin ido ne ciwon busasshiyar ƙasa: ƙarancin ruwa, ƙudaje da kwantsa a fuskar yara ke yaɗa shi, kuma bayan shekaru gashin ido ya juya ciki yana gogar tantanin. An auna yawansa a dukkan ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina a ƙarƙashin shirin taswirar cutar na duniya da aka yi daga 2012 zuwa 2016. Idon da amosani ya riga ya raunana, ƙaiƙayi kaɗan ya ishe shi.

Yana, da masu tura ta

Yanar ido dushewar madubin da ke cikin ido ce, kuma aikin da bai fi rabin awa ba yana dawo da gani: a cire madubin da ya dushe a sa na roba. Duk da haka a karkarar Arewa an daɗe ana komawa ga masu aikin gargajiya da ke yawo ƙauye-ƙauye, waɗanda ke soka tsinke su tura madubin ya faɗa can cikin ido. Haske kan dawo a ranar, mai aikin ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Kumburi da hawan jinin ido da makanta ta dindindin sukan biyo baya, lokacin ya yi nisa.

Binciken da Dakta Mansur Rabiu ya buga a 2001 kan wani yankin karkara na arewacin Najeriya ya gano cewa kashi 4 cikin 100 kacal na masu buƙatar aikin yana ne aka yi wa a asibiti, yayin da kashi 18 suka bi ta hannun masu turawa. Kashi 61 cikin 100 sun ce rashin kuɗi ne ya hana su neman magani. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya tarar cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, turawa aka yi, kuma galibinsu ba sa gani. Ba jahilci kaɗai ke kai mutum ga mai tsinke ba. Shi yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar akuya ko hatsi, ba ya kuma buƙatar ɗan rakiya ya bar gona kwana uku.

Hawan jinin ido ba ruwansa da sana'a, amma yana da wuri a nan saboda yadda yake ɓuya. Binciken ƙasa ya nuna kusan mutum biyar cikin 100 masu shekara 40 zuwa sama na da shi, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai shida cikin 100 ba. Yana cin gani daga gefe, babu zafi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa.

Tabarau na karatu ga wanda ba ya karatu

Daga shekara 40 ganin kusa yana raguwa ga kowa. Mutane da yawa a karkara na ɗauka tabarau na malamai ne da ma'aikatan ofis. Amma masunci na ɗinke koma yana ɗaura ƙugiya, mace na tsince tsakuwa daga wake, manomi na duba ƙwari a bayan ganye, yana auna maganin feshi da murfin kwalba, yana ƙirga kuɗi, yana latsa waya. Wani gwaji da aka yi a kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya, aka buga a 2018, ya nuna waɗanda aka bai wa tabaran ganin kusa sun ƙara yawan abin da suke tsinka da kusan kashi 22 cikin 100. Da wuya a sami wani kayan aikin gona mai arhar wannan da ke biyan kuɗinsa da sauri haka.

Tabaran kariya na roba, irin na masu walda da kafintoci, shi ma ba shi da tsada. Abin da ke hana sa shi sananne ne: yana yin gumi da zafi, yana ƙarcewa, kuma wanda ya fara sawa a gona sai ya sha tsokana. Ba dole ne a wuni da shi ba. Lokutan haɗarin ƙalilan ne, wato girbi da sussuka da sheƙa, haɗa maganin feshi, da saran itace mai ƙaya.

Hanyar asibiti

Daga Jibiya zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 45 ne, Daddara kuma na tsakani. A Katsina akwai cibiyar kula da ido ta jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Gaba akwai Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda ke aiki tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A tsallaken iyaka akwai Asibitin Ido na Makka a Maraɗi. A taswira duk kusa ne.

A aikace tafiyar ta fi haka tsawo. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024 a ɓangaren Najeriya. Matsalar 'yan bindiga ta raba ƙauyuka da dama na Jibiya da gonakinsu, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya a 2022, ta kuma sa tafiyar dare ta zama kasada. Manomin da tsinke ya taɓa da la'asar a ƙauyen da ke nesa da titi, awa 18 ɗinsa za ta cika ne da hantsin washegari.

Shi ya sa ƙaramin asibitin unguwa ya fi babban asibiti muhimmanci a wannan ciwo. Abin da ma'aikacin lafiya ke buƙata don gane ƙarce bai wuce tocila da 'yar takardar rini da ake taɓa ido da ita ba, wadda ke sa raunin ya fito kore, sai man shafawa da sanin lokacin da ya kamata a tura mutum gaba. Ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da littafin horar da irin waɗannan ma'aikata kan kula da ido a 2018. Alamomin da ke nuna ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a bayyane suke: farin ɗigo a kan baƙin ido, raguwar gani, zogin da ke hana barci, jini ko mugunya a cikin ido, ko ƙarcen da bai yi sauƙi ba bayan kwana biyu ana magani. Mai ɗaya daga cikinsu likitan ido yake buƙata a ranar, ko da dami na zube a gona.